Tagullar Ƙarƙashin Jirgin Ruwa Ta Koma Ruwan Hoda: Me Ke Cin Ta?

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba mai inji a ciki, wanda yake zama a ruwan gishiri duk shekara. Da muka fito da shi tudu domin fenti, sai na tarar da kore-kore a kan bawulolin da ke gindinsa. Na kankare ɗaya daga cikin bututun tagulla da suka ratsa jikin jirgin, na ga launin ruwan hoda maimakon rawaya, farfela ma tana da tabo irin wannan. Tutiyar da na ɗaura wa sandar farfela kuwa wata huɗu kawai ta yi ta ƙare. Wani ya ba ni shawarar in haɗa dukkan ƙarafan da waya, in sa tutiya mafi girma. Shin hakan zai magance matsalar?

Amsa: Malam, kada ka mayar da jirgin nan ruwa sai ka canza bututun da ya nuna ruwan hoda. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da ya shafi rai, sauran bayanin kuma yana iya jira. Shawarar da aka ba ka ba za ta gyara shi ba, kuma tana iya ɓoye maka ainihin ciwon har sai ya yi nisa. Tagulla ta gaskiya tana daga cikin ƙarafan da suka fi jure ruwan teku, har abin da ruwan ke ci daga jikinta a shekara guda bai kai kaurin gashin kai ba. Saboda haka duk lokacin da aka ga abin da ake kira tagulla ya lalace cikin 'yan shekaru, bincike yakan ƙare ne a ɗaya daga cikin wurare biyu: ko dai ƙarfen ba tagulla ba ne tun asali, ko kuma akwai lantarkin da ke fita ta jikinsa zuwa cikin ruwa. Abin da ka bayyana ya sa ina zargin duka biyun suna cikin jirginka.

Koren da ka gani shi ne mafi sauƙi. Jan ƙarfen da ke cikin tagulla yana haɗuwa da gishiri da iska ya yi wannan launi, kuma sau da yawa fatar waje ce kawai, idan ka goge da burushi za ka tarar da lafiyayyen ƙarfe a ƙarƙashi. Amfaninsa shi ne yakan nuna inda ruwa ke tsattsafowa, musamman idan ya taru ya yi ɓawo a wuyan bawul ko a bakin tiyo. Ka duba wurin, ka toshe yoyon, amma kore shi kaɗai ba dalilin jefar da bawul ba ne.

Ruwan hoda kuwa magana ce dabam. Tagulla ta gaskiya gamin jan ƙarfe ne da kuza. Wadda aka fi zuba bawulolin jiragen ruwa da ita tana da jan ƙarfe kashi 85 cikin 100, sai kuza da dalma da tutiya kashi biyar-biyar, shi ya sa masu sana'ar suke kiran ta 85-5-5-5. Akwai mai silikon, wadda jan ƙarfenta ya kai wajen kashi 96, ita ake yin kusoshi da notuna da ita. Akwai kuma mai alminiyam da nikel, wadda ake zuba manyan farfeloli masu ƙarko da ita. A gefe guda akwai wani gami mai kama da su a ido, wanda Turawa ke kira baras, shi kuma jan ƙarfe ne da tutiya mai yawa. Baras ɗin da ake yin kayan famfon gida da shi yana da tutiya wajen kashi 40 cikin 100. Da zarar tutiya ta haura kashi 15 a cikin gamin, ruwan gishiri yana iya zare ta a hankali ya bar jan ƙarfen a wurin. Siffar abin ba ta canzawa, haƙoran murɗinsa suna nan, kaurinsa yana nan, amma cikinsa ya zama kamar soso, ramuka ne ƙanana da ido ba ya gani. Launin da ka gani na jan ƙarfen da aka bari ne. Ƙarfen da ya kai wannan matsayi yana iya karyewa idan mutum ya taka tiyon da ke jikinsa, ko ya ja hannun bawul da ƙarfi, kuma babu tutiyar da za ka ɗaura a waje da za ta mayar masa da wadda ta fita daga cikinsa.

Abin da ke damuna a wannan sha'ani shi ne mai jirgi yakan sayi baras ba tare da ya sani ba, domin a kan kanta babu mai iya rarrabe su da ido, kuma sunayen kasuwa suna ƙara rikita mutane. Gamin da ake kira tagullar manganis, wanda aka yi farfeloli masu ɗimbin yawa da shi, a haƙiƙa baras ne mai ƙarfi, tutiyarsa ta kusa kashi 40. Ina kyautata zaton farfelarka irinsa ce. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9093-1, a bugunta na 1994, ta nemi kawai kada kayan su lalace har su kasa aiki cikin shekara biyar, wannan kuwa ya buɗe wa masu ƙera jirage ƙofar sa baras na gama-gari a ƙarƙashin ruwa. Shekara biyar ba komai ba ce a rayuwar jirgin da zai yi shekara talatin ko arba'in yana aiki. A 1999 wani jirgin kamun kifi mai suna Random Harvest ya kusa nutsewa a kusa da gaɓar kudancin Ingila, kuma hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano cewa wani abin baras ne da tutiyarsa ta zare ya karye a gindinsa. Domin ka san girman haɗarin, ramin da faɗinsa ya kai milimita 38, idan yana rabin mita a ƙarƙashin ruwa, zai shigo da fiye da lita 100 a kowane minti, kuma ƙananan famfunan kwashe ruwa da yawa ba sa iya cim ma wannan idan ana maganar aikin da suke yi a zahiri.

Gwajin da za ka yi a tudu ba shi da wuya. Ka kankare kowane bututu da kowane bawul da wuƙa ko samfefa har ka ga ƙarfe tsirara, ciki da waje. Lafiyayye zai fito rawaya ko ruwan zinariya mai sheƙi. Idan tabon ruwan hoda ya tafi da gugar farko, a fata yake. Idan kana kankarewa yana ci gaba da fitowa, ko ƙarfen yana marmashewa a bakin wuƙa, ya mutu. Ka fi mai da hankali ga haƙoran murɗi, domin nan ne ƙarfen ya fi siranta, sannan ga guntun da tiyo ke shiga, wanda sau da yawa shi ne baras ko da bawul ɗin kansa tagulla ce mai kyau. Farfela kuma ka rataye ta ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayya tana amsawa kamar ƙararrawa, wadda ta zama soso kuwa sautinta a dushe yake. Idan tabon nata bai yi zurfi ba kuma gefen fikafikanta bai fara gutsurewa ba, tana iya ci gaba da aiki muddin an ba ta kariya. Ban yarda a yi wa bututun da ke riƙe da teku a waje irin wannan sassauci ba. Idan ɗaya ya nuna, ka ɗauka cewa 'yan'uwansa da aka sa tare da shi daga kwali ɗaya suka fito.

Yanzu ga batun tutiyar da ta ƙare cikin wata huɗu. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, saboda haka yana ɗaukar lantarki sosai. Idan ƙarafa biyu mabambanta suna cikinsa, kuma suna taɓa juna ko waya ta haɗa su, sun zama batir. Ɗaya zai narke, ɗayan ya tsira. Kowane ƙarfe yana da matsayinsa, wanda ake aunawa da wani ma'auni na azurfa da ake jefawa cikin ruwa. Tagulla tana wajen milivolt 250 zuwa 300 ƙasa da sifili, tutiya tana wajen 1,000 ƙasa da sifili, magniziyam ya kai wajen 1,600, sitenles mai lafiya kuma yana kusa da sifili. Wanda ya fi nisa ƙasa shi ne ke narkewa. Tutiyar da ka ɗaura fansa ce, an sa ta ne domin ta mutu a madadin farfela. Wannan sani ya daɗe. A 1761 rundunar ruwan Birtaniya ta lulluɓe gindin jirginta mai suna Alarm da jan ƙarfe, bayan shekara biyu aka tarar kusoshin baƙin ƙarfen da suka taɓa shi sun cinye. A 1824 Humphry Davy ya nuna cewa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe yana kare jan ƙarfe daga ruwan teku, sai dai jan ƙarfen da aka kare ya daina sakin dafin da ke korar halittun ruwa, gansakuka da ƙananan masu ɓawo suka rufe shi. Har yau farfelar da take da kariya sosai takan fi saurin tara irin wannan datti.

Daga nan za ka ga yadda farfelarka ta samu tabonta. Tana ɗaure a kan sanda, wadda galibi sitenles ce, wato ƙarfen da ya fi ta matsayi. Muddin tutiya tana nan, ita ke biyan bashin su biyun. Da ta ƙare a wata na huɗu, sauran watannin farfela ce ta koma fansar sandar, tutiyar da ke cikin gaminta ta fara fita. Tambayar da ta dace ita ce me ya cinye tutiyar da sauri haka, tunda wadda ta dace da girman aikinta ya kamata ta kai shekara kafin rabinta ya tafi.

Yana yiwuwa ta yi ƙanƙanta ne kawai, ko kuma ba ta da inganci. Amma idan kana jona jirgin da wutar tasha, wato lantarkin da ake jawowa daga tudu a inda jirage ke tsayawa, a nan zan fara nema. Wayar ƙasa da ke cikin igiyar wutar tana haɗa ƙarafan jirginka da na duk jirgin da ya jona a layin, har da ƙarafan tashar kanta. Idan maƙwabcinka ba shi da tutiya, taka ce ke kare masa farfela, idan ta ƙare kuma tagullarka ta shiga layi. Ana magance wannan da wata 'yar na'ura da ake sawa a kan wayar ƙasa, wadda take tare ƙaramin lantarkin da bai wuce volt ɗaya da 'yan kai ba amma ta bar hanya a buɗe idan wuta ta yi gardama, ko kuma da taransifoma mai raba wutar jirgi da ta tasha gaba ɗaya, wadda ta fi tsada kuma ta fi kyau. Wasu sukan yanke wayar ƙasar su huta. Ina roƙon ka kada ka yi haka, domin ita ce ke hana wuta kashe mutumin da ke cikin jirgi ko wanda ke iyo kusa da shi.

Mafi muni shi ne lantarkin da ya ɓalle daga batirin jirgin kansa. Bambancin da ke tsakanin tagulla da tutiya bai kai volt ɗaya ba, batir kuwa volt 12 ne ko 24. Idan wayar da fatarta ta goge tana kwance a ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, ko ta taɓa bawul, lantarki zai bi ta ƙarfen ya fita cikin teku yana neman hanyar komawa batir, kuma daidai wurin da ya fita nan ne ƙarfe ke narkewa. Lissafin Faraday ya nuna cewa amfiya ɗaya da ke gudana shekara guda tana kwashe jan ƙarfe fiye da kilo 10. Bawul ɗin ƙaramin jirgi bai fi kilo ɗaya ko biyu ba, kuma ba sai ya narke duka kafin ya ɓalle ba. Abin da gamuwar ƙarafa za ta yi cikin shekaru, wannan yana yin sa cikin makonni, wani lokaci kwanaki, kuma bai damu da ko tagullar ta gaskiya ce ba. Alamarsa ita ce ƙarfe mai sheƙi tas, cike da ramuka kamar an tsoma shi a asid, sau da yawa tare da fentin da ya kumbura a kewayensa. Famfon kwashe ruwa da makunninsa mai tasowa da ruwa su ne aka fi kamawa da laifin, saboda wayoyinsu suna zaune a jiƙe kuma suna da wuta ko da an kashe babban makunni.

Hanyar ganowa ita ce awo, bayan jirgin ya koma ruwa da sabbin kaya. Ka samu mitar awon lantarki da ma'aunin azurfan nan, ka jefa shi cikin ruwa a gefen jirgi, ka ɗora ɗaya bakin mitar a kan sandar farfela, sannan a kan kowane bawul ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta abin da ka gani. Ana ɗaukar ƙarfe a matsayin wanda ya samu kariya idan tutiya ta ja shi ƙasa da aƙalla milivolt 200 daga inda yake shi kaɗai. Ga jirgin faiba, ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta ba da tazarar milivolt 550 zuwa 1,100 ƙasa da sifili. Daga nan ka cire igiyar wutar tasha daga soket ɗinta gaba ɗaya, ba kashe makunni kawai ba. Idan lambar ta yi tsalle, ciwon daga tasha yake shigowa. Sai ka cire kan batir, ka mayar, ka riƙa kunna na'urori ɗaya-ɗaya kana kallon mitar. Wadda ta motsa lambar, a layinta yoyon yake. Idan ka tarar da wani ƙarfe yana karanta sama da sifili, ka cire batir nan take ka nemo mai gyaran wutar jiragen ruwa.

Game da haɗa ƙarafan da waya, masana kansu sun rabu. A Amurka al'adar ita ce a haɗa komai da koriyar waya mai kauri zuwa tutiya ɗaya babba a jikin jirgi, da hujjar cewa kowane ƙarfe zai samu kariya, kuma lantarkin da ya ɓalle zai samu hanyar waya maimakon ya bi ta ruwa. A Turai masu ƙera jirage da yawa suna barin bawuloli kowanne shi kaɗai, da hujjar cewa tagulla mai kyau da ba ta taɓa komai ba ta shiga cikin kowane batir ba, don haka ba ta buƙatar fansa. Ra'ayina ga jirgin faiba shi ne na biyun ya fi aminci idan tagullar ta gaskiya ce, domin wayar da ke kai kariya ita ce kuma ke kai ɓarna ga kowane bawul ranar da tutiya ta ƙare ko wuta ta shigo daga waje. Amma idan jirginka ya zo da haɗin daga masana'anta, ka kula da shi yadda ya kamata, kada ka bar shi rabi a haɗe rabi a tsinke, kuma turjiyar da ke tsakanin tutiya da kowane ƙarfe kada ta wuce om ɗaya. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a yi haɗin domin a lallaɓa baras ya ƙara kwana, tunda kariyar da tutiyar waje ke bayarwa ba ta shiga can cikin bututu inda ruwa ke kwance.

Yawan tutiya ma yana da illarsa, musamman ga masu jirgin katako. Ƙarfen da aka kare fiye da kima yana tara sinadari mai kaifi irin na soda a kewayensa, wanda ke narkar da abin da ya riƙe zaren katako, sai ka ga farin gari kamar gishiri a gindin bawul, katakon kuma ya yi laushi yana tsagewa kamar rama. Tagullar tana nan lafiya, amma abin da ke riƙe da ita ya ruɓe. Shi ya sa tazarar da aka ba jirgin katako ta yi ƙunci ƙwarai, 550 zuwa 600 kawai. Haka kuma irin ruwan yana da ta cewa: tutiya ta ruwan gishiri ce, a ruwan daɗi takan yi ɓawo ta daina aiki, magniziyam na ruwan daɗi ne kaɗai, gamin alminiyam da aka yi domin wannan aiki kuma yana yi a ruwan gishiri da gauraye. Kada a gwama iri biyu a haɗi ɗaya, kada a shafa musu fenti, kuma a goge wurin da za a ɗaura su har ya yi haske. Wadda ta shekara ba ta ragu ba, ba ta aiki ne.

Idan ka zo saye, ka nemi mai sayarwa ya nuna maka lambar gamin a rubuce. C83600 ko CC491K tagulla ce ta gaskiya. CW617N baras ne na gama-gari, ba shi da wuri a ƙarƙashin ruwan gishiri. CW602N, wanda akan buga wa alamar CR ko DZR, baras ne da aka sa wa ɗan asenik domin ya riƙe tutiyarsa, ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba, ko da yake ni ina fifita tagulla a kansa. Akwai kuma bawulolin nailan mai zaren gilashi da aka yi musamman domin jiragen ruwa, waɗanda lantarki ba ya cin su sam. Kowanne ka zaɓa, bututun da bawul ɗin da guntun tiyon su zama gami ɗaya, haƙoransu kuma su zama iri ɗaya, domin idan aka murɗa mai tsukakken baki a kan miƙaƙƙe, haƙora biyu ko uku ne kawai za su kama. Ƙa'idar ABYC tana so bawul ɗin da aka ɗaura ya jure nauyin kilo 227 na sakan 30 ba tare da ya karye ba, wannan zai nuna maka irin ƙarfin da ake nufi. Ka guji giris mai garafait a jikinsu, domin garafait ya fi tagulla matsayi kuma zai ci ta. Ka riƙa buɗe kowane bawul kana rufewa aƙalla sau ɗaya a wata don kada ya ƙage, sannan ka ɗaure turken katako mai laushi, mai tsini daidai faɗin ramin, da igiya a jikin kowannensu, inda hannunka zai same shi ko a cikin duhu.